Ya'u Mai Banshar da Takardun Wakala Biyu

A gyara zama, a rage sautin waya, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ga Mai Girma Sarkin Iskan Kudai, Wazirin Tayoyi, Babban Likitan duk wata ƙafar mota da ƙusa ta soka daga tashar bas zuwa bakin gada, wato Malam Ya'u ɗan Gwarzo, wanda duk Makka ba a san shi da wani suna ba sai Ya'u Mai Banshar. Fadarsa shago ce mai faɗin tabarma uku. Karagarsa tsohuwar taya ce da aka ɗora wa kwali. Fadawansa kuwa injin iska ɗaya, bahon ruwa ɗaya, da wata fanka da ta daina juya wuya tun shekarar da aka sayo ta.

Banshar dai a bakin mutanen nan shi ne abin da muke kira faci a gida. Ya'u ya koyi sana'ar a bakin titin Kabuga yana ɗan shekara goma sha uku, ya yi aure da ita, ya haifi 'ya'ya da ita, sannan wani ɗan garinsu ya samo masa bizar aiki ya taho. Shekararsa ashirin da biyu ke nan a shagon wani Basa'udiye mai suna Nawaf. Matarsa Saudat tana Gwarzo da yara, shi kuma yana da ɗaki a unguwar Mansur, yana zuwa gida duk bayan shekara biyu, ya dawo da kilishi da yaji da sabon shiru. Domin Ya'u ba ya magana. In ka kawo masa taya zai tsoma ta a baho, ya zuba ido, ya ga inda kumfa ke tashi, ya ɗora yatsa a wurin, shi ke nan gaisuwarku ta ƙare. Abu biyu ya tsana a duniya: ofis mai tuta a ƙofa, da hirar siyasa. Na farko saboda baƙo mai iƙama, wato katin izinin zama, ya san cewa duk ofishin da ka shiga da ƙafarka ba lalle ka fito da fara'arka ba. Na biyu saboda a gidansu, yana yaro, babansa da ƙanin babansa sun ja katanga ta tsakiyar rijiya a kan jam'iyya, kowa yana jan ruwa ta ɓangarensa, har suka mutu ba su sake cin tuwo a kwano ɗaya ba.

Wannan mutum mara magana yana da aboki guda, shi ma ba Bahaushe ba. Sunansa Miran, direban bas ne mai jigilar masu ibada tsakanin tashar Kudai da Harami, mutumin wani gari da ake kira Tenkasi a jihar Tamil Nadu, can kudancin Indiya. Gajere ne, mai gashin baki kamar buroshin takalmi. Da faɗa suka fara. Miran ya kawo taya, Ya'u ya yi mata iska, Miran ya shure ta da ƙafa ya ce ba ta ƙoshi ba. Ya'u ya ɗauko ma'auni ya nuna masa. Miran ya ce ma'aunin ne ba shi da lafiya. Kashegari ya dawo da filas na shayi mai madara ya ba da haƙuri, kuma tun daga ranar, shekara goma sha bakwai, duk la'asar sai ya zo. Zai ɗaga kofi ɗaya sama ya tsiyayo shayin cikin ɗaya kofin daga nisan kamu biyu ba tare da ɗigo ya zuba ba, Ya'u kuma ya buɗe takardar kilishi. Larabcin da ke tsakaninsu bai fi kalma arba'in ba.

"Inta kwais, sadik?" in ji Miran, wato lafiya kake, aboki.

"Kwais."

Sai a yi shiru na rabin awa, kowa ya tashi ya gamsu an sha hira.

Ranar Juma'a Miran kan kira gida ta bidiyo daga shagon, don a masaukinsu waya ba ta kamawa. Ya'u ya san fuskar matarsa, da ta tsohuwar uwarsa, da ta 'yarsa Nasrin, wadda ke koyar da Larabci a wata islamiyyar 'yan mata. Ita ce ke gaishe shi da Larabcin littafi, "Ammi Ya'u, kaifa haluka," wato baffana Ya'u, yaya kake, shi kuma ya rasa inda zai sa kansa, ya ɗaga hannu mai baƙin mai ya ce alhamdulillah. Wata rana Miran ya ɗauki alƙalamin da ake rubuta lambar taya da shi, ya rubuta lambar Nasrin a bangon shagon. Ya nuna ƙirjinsa, ya nuna ƙasa, ya ce, "Ana maut hina, dafan hina. Mafi tayyara." Wato in ya mutu a nan, a binne shi a nan, kada a sa shi a jirgi. Ya'u ya ce masa ya bar wannan magana, shayi na hucewa.

To yanzu sai a yi haƙuri a ji labarin Buta da Kofi, don ba don su ba da wannan rubutu bai taso ba.

Mutanen su Miran suna da wata ƙaramar jam'iyya a jiharsu, sunanta ya fi bas ɗin Miran tsawo, ba mai iya faɗinsa da numfashi ɗaya, amma alamarta buta ce. Wanda ya kafa ta ya rasu. Mataimakinsa na shekara talatin ya ce marigayi ya riƙe masa hannu a asibiti ya damƙa masa amana. Ɗan marigayin ya ce ƙarya ne, hannunsa aka riƙe. Mutum hannu biyu gare shi, mai yiwuwa duk gaskiya suka faɗa. Aka je kotu, kotu ta bar wa mataimaki buta, ɗan ya fice da rabin jama'a, ya ƙara kalmar "ta Gaskiya" a ƙarshen sunan jam'iyya, aka ba shi alamar kofi. Wannan duk ya faru a wata ƙasa da sai ka yi awa biyar a jirgi kafin ka ga rufin gidajenta. Amma kafin a yi sallar magariba a ranar, tsagewar ta iso Kudai ta waya.

A masaukin ma'aikatan kamfanin bas ɗin akwai Tamilawa wajen sittin, kuma suna da reshen jam'iyyar. Shugabansa Kaja Muhiddin, mai kula da sito, mutum mai tumbi da agogon zinariya na jabu. Sakatarensa Sikandar, wanda shekara takwas aikinsa jera kujeru da riƙe wa Kaja jaka. Kaja ya tsaya a Buta. Sikandar ya duba ya ga a Buta zai mutu yana jera kujeru, ya tsallaka Kofi, ya wayi gari Shugaban Yankin Makka da Kewaye. Tukunya ɗaya ta koma biyu. Firjin kicin aka raba shi da jan salatif. Har takalma a ƙofar masallacin masauki sai da suka koma layi biyu. Shi kuwa Miran, in 'yan Buta sun tambaye shi yana tare da su, sai ya yi irin kaɗa kan nan nasu da ba i ba ne ba a'a ba ne. 'Yan Kofi su zo, ya kaɗa musu irinsa. Kowane ɓangare ya rubuta sunansa a nasa jerin, shi kuma ya ɗauki filas ɗinsa ya tafi wurin Ya'u.

Abin da ya sa Ya'u bai taɓa zagin ƙungiyar nan ba a da shi ne tana da aiki ɗaya na kirki. In baƙon ma'aikaci ya rasu a nan, ba a binne shi sai iyalinsa na gida sun aiko takardar wakala, sun ambaci mutum ɗaya da zai tsaya a madadinsu, ya bi asibiti da 'yan sanda da ofishin jakadancin ƙasarsu har a ba da izini. Wannan zirga-zirga ƙungiyar ce ke yi. Kafin a rabu, kwana biyu, in ya yi yawa uku, an sallaci mutum a Harami an kai shi makwancinsa.

Wata Talata cikin Safar, da hantsi, Miran ya dawo daga Harami, ya sauke fasinja har na ƙarshe, wata tsohuwa ma shi ya riƙe mata jaka. Ya koma kujerarsa, ya ja birkin hannu, ya kifa kansa a sitiyari. Ko a mutuwa bai ɗauki ran kowa ya haɗa da nasa ba. Da la'asar Ya'u ya buɗe kilishi yana jira, sai wani direba ya tsaya ya gaya masa. Ya'u ya yi salati, ya naɗe takardar kilishin, ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba ko ranar da zazzaɓi ya kayar da shi. A asibiti aka ce gawa tana firji, ana jiran takarda. Ya ce to, jibi ke nan.

Jibi ta zo ta wuce. Ya'u ya wanke hannu da omo ya tafi sito wurin Kaja.

"Ahlan, sadik Ya'u! Zauna. Babban rashi, babban rashi. Ginshiƙin jam'iyyarmu ne ya faɗi."

"Yaushe za a binne shi?"

"Bukra, in sha Allahu. Gobe-goben nan. Takarda tana hannuna. Ga ta, matarsa ta sa hannu, sunana ne a ciki."

"To me ake jira?"

Kaja ya gyara agogo. "Akwai 'yar mushkila. Maciya amanan can su ma sun kawo wata takarda."

Ashe ga abin da ya faru. Wan matar Miran ɗan Buta ne, ya kai mata takarda tana tsakiyar kuka ta sa hannu, sunan Kaja a ciki. Wan Miran kuma ɗan Kofi ne, ya kai wa tsohuwar uwarsu tasa takardar ta dangwala yatsa, sunan Sikandar a ciki. Takardu biyu suka iso rana ɗaya. Ma'aikacin da ke karɓa a ofishin jakadanci, bawan Allah, ya ce abin da kowane mai hankali zai ce: gawa ɗaya, iyali ɗaya, wakili ɗaya, ku je ku daidaita ku dawo.

"Kai ka janye mana," in ji Ya'u.

Kaja ya dube shi kamar ya ce masa ya cire wando a kasuwa. "In janye? Sadik, kai ba ka san siyasa ba. In na janye, gobe a Tenkasi za a ce Buta ta mutu a Makka."

"Miran ne ya mutu a Makka."

"Sah, sah. Bukra, in sha Allahu."

Kwana na biyar ya tafi wurin Sikandar. Ya same shi a ƙofar masauki sanye da farin zane mai launin jam'iyya a gefe, yana duba waya. Shi ma ya ce ginshiƙinsu ne ya faɗi. Sannan ya faɗi abin da ya sa kunnen Ya'u ya ɗauki zafi: shi ba binnewa a nan zai yi ba, jirgi zai sa shi. Saura mako uku a yi zaɓen kansiloli a garinsu. Shugaban Kofi da kansa zai tarbi akwatin a filin jirgi, motoci arba'in za su raka shi har gida, kowace da tuta.

"Ya ce a binne shi a nan," in ji Ya'u. "Da bakinsa ya gaya mini."

"Ya rubuta?"

"Ya faɗa."

"Sadik, faɗa ba takarda ba ce. Kai aikinka taya. Wannan maganar gida ce."

Sannan ya juya wayar ya nuna masa hoton ta'aziyyar da suka fitar, yana jiran yabo. Wallahi in ba a gaya maka ba sai ka rantse shugaban Kofi ne ya mutu. Fuskarsa ta cika rabin hoton kamar tire, yana murmushi. Ƙarƙashinsa Sikandar, girman faranti. Ƙarƙashinsu kofi yana tururi. Can a kusurwa, inda ake manna kan sarki a ambulan, ga Miran, hoton iƙamarsa ne ma suka yanko, har da ɓurɓushin hatimi a kafaɗa. Na 'yan Buta ma haka yake, sai dai su sun ƙara masa furanni.

Ya'u ya koma shago. Ranar ya yi wa wata taya faci sau biyu a wuri ɗaya. Abin da ke cin sa ba zagin da aka yi masa ba ne. Tunanin firjin ne. Mutumin da ko a watan zafi in an kunna na'urar sanyi a bas sai ya naɗa tawul a wuya, shi ne kwance a aljihun ƙarfe da lamba a yatsan ƙafa, tafiyar minti goma daga Ka'aba, wurin da mutane ke sayar da gona su zo su roƙi Allah ya ɗauki ransu a ciki. Shi Allah ya ba shi kyauta, wasu ƙattai biyu sun tsaya a ƙofa suna gardamar hoton wa zai fi girma.

Kwana na bakwai ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya kira zaman sulhu. Ya aika wa kowanne cewa ya zo shago bayan azahar. Nawaf ya aro masa kujerun roba biyu daga maƙwabta. Kuskuren da aka yi, ɗaya tana da hannu, ɗaya ba ta da shi. Kaja ya iso ya nufi mai hannun. Sikandar ya ce shi yanzu ba sakataren kowa ba ne, shugaba ne kamar kowane shugaba. Kaja ya ce yaron da ya koya wa ɗaura zane. Aka bar kujerun, aka tsaya a tsaye a rana, kowa da mutum huɗu a bayansa, aka koma yarensu. Ya'u ba ya jin yaren sai 'yan kalmomin da ya saba ji a bakinsu, amma ya kasa kunne yana jiran sunan Miran. Minti arba'in yana jira. Ya ji sunan marigayi mai jam'iyya, ya ji sunan ɗansa, ya ji kotu, ya ji buta, ya ji kofi. Sunan Miran bai fito ba.

Sai ya miƙe ya kunna injin iska. Duk wanda ya san injin Ya'u ya san in ya tashi ko ladanin unguwa sai ya ƙara murya. Ya ɗauki tiyon ya saita shi a ƙasa daidai ƙafafunsu, ƙura da guntayen roba suka turnuƙe fararen zannuwan nan. "Yalla! Barra! Ku fice mini!" Shugabannin Yankin Makka da Kewaye suka watse suna riƙe da zane kada ya tashi.

Da ƙurar ta lafa, ya tsaya gaban bango yana duban lambar Nasrin. Kwana bakwai yana kauce mata, don yana ganin ba hurumin baƙo ba ne ya kira gidan makoki. Ya goge hannu ya danna.

"Ammi Ya'u?" Muryar Nasrin ta dushe. "An binne Abba? Kawu ya ce yau. Baffa ma ya ce an kusa gama komai."

Ya'u ya tattaro kalmominsa arba'in, ya ƙara da na Alƙur'ani da ya sani, ya jera mata su ɗaya bayan ɗaya kamar yana jera ƙusoshin da ya ciro daga taya. Takarda biyu. Mutum biyu. Babu wanda zai janye. Ɗaya yana son jirgi. Abbanki yana firji, yau kwana bakwai. Ya ce a binne shi a nan.

Sannan ya ji ta juya tana magana da yarensu, da ƙarfi, wata mace ta fashe da kuka, wata tsohuwar murya ta ɗauki salati. Ta dawo.

"Ummi ba ta san abin da ta sa wa hannu ba. Kaka ba ta karatu. Ammi, ka turo mini hoton iƙamarka."

"Tawa? Don me?"

"Za mu soke duka biyun. Sunanka za mu rubuta."

Shekara ashirin da biyu Ya'u yana zagaye duk wani gini mai tuta, ko sabunta iƙama Nawaf ke yi masa. Yanzu a ce shi zai shiga wurin 'yan sanda da ƙafarsa, ya sa hannu a takardar da ba ya iya karantawa, a kan gawar ɗan wata ƙasa? In wani abu ya karkace, wa zai tsaya masa? Ya ce, "Ya binti, ni ba ɗan ƙasarku ba ne. Ni mai faci ne."

"Abba ya ce ba shi da ɗan'uwa a Makka sai kai."

Ya'u ya ciro katin daga aljihu, ya ɗora a kan taya, ya ɗauki hotonsa ya tura mata.

Kwana na tara takarda ta iso, da sa hannun matar, da yatsan tsohuwa, da na Nasrin, da hatimi, ta soke na baya duka. Kuma a ranar aka ga abin al'ajabi a Kudai: Kaja da Sikandar a mota ɗaya. Shekara biyu ko gaisuwar Idi ba su yi ba, kotu ba ta haɗa su ba, gawar ɗan garinsu ba ta haɗa su ba, sai mai faci ɗan Gwarzo ne ya haɗa su. Suka sauko kafaɗa da kafaɗa.

"Wannan abin kunya ne ga al'ummarmu," in ji Kaja. "Bare ya binne mana mutum?"

"Ka ruɗi yarinya," in ji Sikandar. "Kuma sai mu ga yadda za ka yi ba fasfo."

Gaskiya ne, ba a ba da izini sai da fasfon mamaci, shi kuwa yana cikin akwatin Miran a masauki. Kaja ya ce makullin ɗakin yana wurin Sikandar. Sikandar ya ce akwatin yana wurin Kaja. Suka shiga motarsu suka tafi, har Sikandar na buɗe wa Kaja ƙofa, tsohon hali ya motsa.

Ba a yi awa biyu ba sai ga wani dattijo, mai dafa wa masaukin abinci, wanda tun da aka rabu yake dafa miya iri ɗaya a tukunya biyu. Ya ajiye kwanon abinci mai hawa uku a gaban Ya'u, ya juya. Hawa na farko shinkafa. Na biyu miya. Na uku fasfo a naɗe cikin leda.

Nawaf da ya ji za a rufe shago kwana biyu ya ɗaga hannu sama. "Ya Ya'u, banshar na buɗe ko gidan wankan gawa? Wa zai yi wa mutane iska?" Ya yi ta faɗa har ya gaji, sannan ya ce, "Kai da ba ka san ko hanyar Jidda ba. Shiga mota." Shi ya kai shi ofishin jakadanci a Jidda, shi ya tsaya a bayansa wurin 'yan sanda, yana fassara yana mita. Ya'u ya sa hannu sau shida. Kowane sa hannu sai da ya yi bisimilla, kuma babu wanda ya ci shi, wani jami'i ma ya ce Allah ya saka masa.

Kwana na goma sha ɗaya aka yi wa Miran wanka. Aka kai shi Harami, aka sallace shi bayan azahar tare da sauran mamatan ranar, dubban mutanen da ba su taɓa jin sunan Tenkasi ba suka yi masa kabbara huɗu. Direbobi wajen talatin suka zo, 'yan Buta da 'yan Kofi a cakuɗe, babu mai duban ƙafar wani, suna karɓar makara daga kafaɗa zuwa kafaɗa da saurin nan na mutanen Makka. A maƙabartar Shara'i Ya'u ne ya sauka ya karɓe shi. Ya kwantar da shi, ya juya shi alƙibla, ya fito gwiwoyinsa duk ƙasa. Kabarin ba suna, ba allo, dutse ne kawai kamar na kowa.

Shugabanni sun zo, ba a rasa su ba. Kowanne da ƙyallen jam'iyya a naɗe a hammata da yaro mai ɗaukar hoto. Mai gadi ya ce ƙyalle ya koma mota, waya ta koma aljihu. Sai suka jira a bakin ƙofa. Su a al'adarsu in za a girmama mutum, mayafi mai sheƙi ake yafa masa a kafaɗa a ɗauki hoto, kuma mai yafawar ne ke fitowa da kyau. Ya'u na fitowa Kaja ya yafa masa ruwan ɗorawa ta dama, Sikandar ya yafa masa kore ta hagu, wayoyi suka yi ƙyas-ƙyas. Shi bai ma san ana yi ba, idonsa na ƙasa. Mayafan suna shago yanzu, ya ce suna shan baƙin mai fiye da tsumma.

Kafin magariba hotuna suka fita. Na Buta ya ce bisa umarnin jagora, reshen Makka ƙarƙashin Kaja Muhiddin ya kammala jana'izar ɗan jam'iyya bayan gwagwarmayar kwana goma sha ɗaya. Na Kofi ya ce duk da zagon ƙasan maƙiya, Sikandar ya cika wa marigayi burinsa na kwanciya a ƙasa mai tsarki. Shi da motoci arba'in! A hoton Buta an yanke Sikandar, a na Kofi an yanke Kaja, a duka biyun an yanke kan Ya'u, kafaɗarsa kawai aka bari don mayafin ya samu wurin zama. Direbobin da abin ya ƙona wa rai suka fice daga ɓangarorin biyu suka kafa ta uku, don a kawo ƙarshen rarrabuwa. Mako biyu da kafa ta, ana rigimar wa zai zama shugaba, kuma an ƙara layin salatif a firji.

Wani direba ne ya turo mini hotunan ya fassara mini. Ni da ke aikin kai wa mutane abinci gida-gida, na bar odar mutane tana hucewa a akwatin babur, na taho Kudai a guje. Na same shi durƙushe gaban baho, ya tsoma taya yana kallon ruwa.

"Baba Ya'u, ka ga abin da marasa kunyan nan suka yi? Sun sare maka kai! Wallahi ba za mu yarda ba. Zan rubuta komai, da sunayensu, a fassara da yarensu, a aika har garinsu, duniya ta san wanda ya shiga ramin nan. Kai ko haushi ba ka ji?"

Bai ɗago ba. "An binne shi ko ba a binne shi ba?"

"An binne shi, amma ai..."

"To matsa, ka taka mini tiyo."